Yadda za ka zaɓi dunƙulen harsashi wa bindigar iska

Gwangwanaye uku za su iya zama a jere, kowanne an rubuta 4.5mm a jikinsa, kowanne cike da ƙananan dunƙulallun harsasai masu sheƙi, amma ɗaya kaɗai ne zai dace da bindigarka. Ɗaya zai zurara ta cikin bututu ya faɗo ƙasa tun kafin ka taɓa kunama, ɗaya kuma zai cije a gidan harsashi ya hana ka harbi. Matsalar ta samo asali ne daga lambar da ake bugawa a gwangwani: sunan rukuni ce, ba ainihin kaurin harsashin ba. Saboda haka zaɓen ba daga gwangwani yake farawa ba. Daga bindiga yake farawa, kuma ita ce mai yanke hukunci.

Mataki na farko: leƙa cikin bututun

Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka cire kwalbar gas idan mai gas ce, ka buɗe bayan bututun, sannan ka haska fitila ta wani ɓangare ka duba ta ɗayan. Abu biyu za ka iya gani. Ko dai cikin santsi ne sumul, ko kuma akwai siraran tsagogi da suka murɗe tun daga baya har zuwa baki. Waɗannan tsagogi su ne suke kama harsashi su sa shi juyawa a iska, kuma an yanke su ne don ƙarfe mai laushi, wato dalma.

Bututu mai santsi na harsashin ƙarfe ne, wanda aka fi sani da BB. Bututu mai tsagi na dalma ne. Wannan ita ce ƙa'idar da komai ya rataya a kanta. Idan ka riƙa cusa BB na ƙarfe a bututu mai tsagi, ƙarfe ne yake gogar ƙarfe, harsashin ba zai lotsa ya bi tsagin ba, zai dinga karo da gefe da gefe yana cin bakin tsagogin a hankali. Ba a rana ɗaya ɓarnar take bayyana ba, sai bayan dubban harbi ka ga bindigar da take tara harsasai wuri guda ta koma watsa su. Akwai bindigogin da masu ƙera su suka yarda a yi amfani da duka biyun, kamar Daisy 880, wadda bututunta mai tsagi ne amma tana ɗaukar BB. Ko a irin waɗannan, ra'ayina shi ne wanda ya damu da saiti ya rage ƙarfe ya fi yawaita dalma.

Ka kuma karanta abin da aka zana a jikin bindigar da littafinta. Idan an rubuta BB kawai, to BB. Idan an rubuta lambar kauri tare da kalmar da ke nufin harsashin dalma mai siket, wato mai siririn ƙugu da buɗaɗɗen baya kamar siket, to bututun na dalma ne. Idan ka ga 6mm, ka dakata: wannan bindigar wasan airsoft ce, harsashinta na roba ne mai kaurin kusan milimita 5.95, kuma babu abin da ya haɗa ta da abin da muke magana a kai.

Mataki na biyu: san ainihin kauri da nauyi

A nan ne yawancin mutane suke tuntuɓe, don haka bari in tsaya sosai.

BB na ƙarfe, duk da an rubuta masa 4.5mm ko .177, kaurinsa na gaskiya yana tsakanin milimita 4.3 da 4.4. Da gangan aka rage shi, domin ƙarfe ba ya lotsewa, kuma dole ya sami ɗan sarari ya wuce. Nauyinsa kusan giram 0.33 zuwa 0.35 ne, wato giren 5.1 zuwa 5.4 a ma'aunin da masu harsashi suke amfani da shi (giren ɗaya giram 0.0648 ne). Ana lulluɓe shi da jan ƙarfe ko tutiya don hana tsatsa.

Dunƙulen dalma na 4.5 kuwa cikakken 4.5 ne, wani lokacin har da ɗan ƙari. Nauyinsa ya kai giram 0.53, wato sama da giren 8. Dalma ta fi ƙarfe nauyi sosai: curin dalma mai tsawo, faɗi da tsayi santimita ɗaya-ɗaya giram 11.3 ne, na ƙarfe kuma kusan 7.85. Dunƙulen dalma na bututun 5.5mm yana kusa da giram ɗaya cif. Kamfanin Gamo na Sifen da H&N na Jamus suna cikin masu yin irin wannan.

Akwai kuma na uku da ba kowa ya san shi ba: dalma mai kaurin milimita 4.4. An yi shi ne don wasu tsofaffin bindigogin Turai masu cin harsashi da yawa a jere, irin su Haenel 310 da aka ƙera a garin Suhl na tsohuwar Jamus ta Gabas, da Anschütz 275. Duk wanda ya gaji irin wannan bindiga ya zuba mata 4.5, za ta cije. Wanda kuma ya ga 4.4 ya ce ai daidai yake da BB na ƙarfe ya zuba mata ƙarfe, ya kama hanyar lalata tsagoginta, kuma kayan gyaran waɗannan bindigogi ba su da sauƙin samu.

Wannan ruɗani yana da tarihi. Bindigogin farko da aka yi wa yara a garin Plymouth na jihar Michigan a Amurka, a ƙarshen shekarun 1880, suna harba ƙwayar dalmar bindigar farauta ce mai girman da ake kira BB, mai kaurin inci 0.180. Daga baya kamfanin Daisy mai ƙera irin waɗannan bindigogi ya rage kaurin zuwa inci 0.175. A shekarun 1920 aka fara sayar da na ƙarfe, wanda ya fi araha kuma ya fi gudu, amma na farkon ba su da daidaiton kauri har suna tsaga bututu, sai da aka sake tsara bututun da harsashin tare. Sunan ya zauna, kaurin ya yi ta sauyawa.

Abin yi a aikace shi ne ka sami ma'aunin kauri irin na makanikai, wanda yake karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ka ɗebi harsasai ashirin daga gwangwani, ka auna kowanne sau biyu ta fuskoki daban-daban. Abu biyu kake nema: matsakaicin kaurinsu, da kuma tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma. Na biyun ya fi muhimmanci. Gwangwanin da harsasansa suka yi kusa da juna a kauri zai ba ka harbi iri ɗaya, ko da matsakaicinsa bai zama cikakke ba. Idan kana auna dalma, kada ka matse ma'aunin da ƙarfi, don za ka lotsa ta ka karanta ƙarya.

Ga mai bututu mai tsagi da yake son sanin ainihin faɗin bututunsa, akwai tsohuwar dabara: a ɗauki dunƙulen dalma da ya ɗan fi bututun kauri, a tura shi a hankali da sandar katako ko ta tagulla daga baya har ya fito ta baki, a tare shi a kan tsumma, a auna. Zanen tsagogin zai fito a jikinsa, kuma wurin da ya fi faɗi shi ne faɗin bututun.

Mataki na uku: duba yadda bindigar take ɗaukar harsashi

Kauri zai iya dacewa amma hanyar shiga ta ƙi. Bindigogin BB da yawa suna da ɗan maganaɗisu a bakin sandar da ke tura harsashi. Shi ne yake riƙe BB ɗin kada ya gangara idan ka sunkuyar da baki. Maganaɗisu ba ya kama dalma. Ka zuba dalma a irin wannan, ko dai ta zube ta baki, ko biyu su shiga lokaci guda.

Wasu kuma gidan harsashinsu yana da sifirin da ke danna harsasai a jere. Ƙarfe bai damu da wannan matsi ba. Dalma tsantsa kuwa tana lotsewa, musamman idan ta kwana a ciki, kuma lotsattsen harsashi shi ne yake toshe hanya. Don magance haka ne ake yin dalma mai rufin jan ƙarfe, irin H&N Smart Shot, wadda aka yi ta da kaurin BB. Rufin yana ƙara mata santsi da ɗan tauri. Tana aiki a bindigogi da yawa masu sifirin, amma har yanzu maganaɗisu ba zai kama ta ba.

Bindiga mai karyewa, wadda ake lanƙwaso bututunta ƙasa a sa mata harsashi ɗaya da hannu, ita ce ta fi sauƙin gwaji. Ka ɗora dunƙulen dalma a bayan bututun. Idan ya tsaya har sai ka ɗan danna shi da babban yatsa ya zauna, ya yi. Idan ya faɗa ciki da kansa ya gangara, ya yi ƙanƙanta, kuma kada ka harba shi. Dalili kuwa shi ne bindiga mai sifirin da fistin tana buƙatar harsashi ya ɗan toshe hanya, domin iskar da ta taru ta zama matashi ga fistin. Harsashin da ya yi sako-sako yana barin iska ta tsere, fistin ya daki bango da dukan ƙarfinsa, kamar ka harba ba komai a ciki. Haka ake karya sifirin da lalata robar fistin.

Mataki na huɗu: me za ka harba, kuma me ke bayansa?

Wannan shi ne matakin da na fi damuwa da shi, domin a nan ne ake rasa ido.

BB na ƙarfe yana dawowa. Idan ya daki siminti, dutse, ƙarfe, busasshen katako mai tauri, ko ma tayar mota, ba ya lotsewa ya zubar da ƙarfinsa. Yana tsalle ya dawo, sau da yawa ta hanyar da ya bi, wato fuskar mai harbi. Ko saman ruwa yana iya karkatar da shi. Dalma idan ta daki abu mai tauri tana bajewa ta faɗi kusa, shi ya sa akwatunan tare harsashi na ƙarfe da ake sayarwa an yi su ne don dalma. Kada ka taɓa harba BB na ƙarfe a cikinsu, ko a kan faifan ƙarfe masu juyawa.

Idan BB na ƙarfe za ka yi amfani da shi, ka yi masa matari mai laushi: babban kwali cike da tsummoki ko tsofaffin jaridu a danne, da bargo mai kauri a rataye a baya wanda ƙasansa ke lilo ba a ɗaure ba. Ka riƙa duba cikin kwalin, domin harsasan da suka taru wuri guda su ma sun zama ƙarfen da sabo zai daka ya dawo. Tabaran kariya wajibi ne ga mai harbi da duk wanda ke tsaye kusa, kuma a nemi masu alamar ANSI Z87.1 ko EN 166. Tabaran karatu ko na rana ba sa cikin lissafi.

Akwai nau'in BB da aka yi da garin ƙarfe a matse, wanda yake farfashewa idan ya daki abu mai tauri. Dust Devils na kamfanin Air Venturi shi ne sananne. Maganaɗisu yana kama shi, kuma ya fi BB na yau da kullum rashin nauyi. Ga mai son harbin faifan ƙarfe da bindigar BB, wannan ko dalma mai rufin jan ƙarfe su ne zaɓi. Sai dai a sani, a kan abu mai ɗan laushi kamar katako ko roba mai tauri ba lallai ya farfashe ba, don haka ba ya ɗauke wajibcin tabarau.

Batun farauta kuwa, zan faɗi ra'ayina kai tsaye: bindigar BB ba ta farauta ba ce. Yawancinsu ƙarfinsu joule biyu zuwa uku ne (joule shi ne ma'aunin ƙarfin bugun harsashi). Ka lissafa da kanka: rabin nauyi a kilogiram, sau gudu, sau gudu. BB mai giram 0.35 da ke tafiyar mita 120 a daƙiƙa yana ɗauke da kusan joule 2.5. Wannan ya isa ya fasa ido ko ya shige ƙarƙashin fata, amma bai isa ya kashe dabba nan take ba. Raunata ta kawai zai yi ta tafi ta mutu da azaba. Ko a bindiga mai ƙarfi, dunƙulen dalma yana huda sosai amma ba ya buɗewa, kuma saitinsa a nesa bai kai na harsashi mai siket ba. Dokokin mallakar bindigar iska da farauta da ita sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Jamus iyakar da ba ta buƙatar lasisin mallaka joule 7.5 ce, a Ingila kusan joule 16 ce ga doguwar bindiga. Ka nemi sanin dokar inda kake tun kafin ka sayi komai.

To me ya sa mutum zai zaɓi dunƙule alhali mai siket ya fi shi saiti? Domin dunƙule ba shi da gaba ba shi da baya. Ko ta ina ya faɗa daidai ne, shi ya sa bindigogi masu cin harsashi da yawa suka dogara da shi tun da daɗewa. Bindigar iska ta Girardoni, wadda sojojin Ostiriya suka riƙe daga wajen 1780, tana ɗaukar dunƙulen dalma kusan ashirin a bututun da ke gefenta, a zamanin da sauran sojoji ke ɗura albarushi ta baki bayan kowane harbi. Mai siket kuwa siketinsa yana buɗewa ya toshe iska, ƙugunsa kuma yana sa jan iska ya riƙe kansa a gaba. Dunƙule ba shi da ko ɗaya cikin biyun: siririn zobe ne kawai na jikinsa yake taɓa bututu. A mita biyar zuwa goma bambancin ba shi da yawa. Daga mita ashirin zuwa sama zai fito fili.

Mataki na biyar: tace, sannan ka gwada a takarda

Ka sayi ƙananan gwangwanaye na iri biyu ko uku, kada ka fara da babban buhu. Ka zuba kaɗan a kan gilashi mai tsabta ka ɗan karkata shi. Na ƙwarai zai gangara a miƙe. Wanda ya yi rawa ko ya karkace yana da lotsa ko tabo, ka ware shi. Ka duba rufin: idan yana ɓarewa, ko ka ga garin ƙarfe a gindin gwangwani, ko ɗigon tsatsa, wannan garin bututunka da bawul ɗinka zai shiga. A kan dalma ka nemi layin haɗi da ya kewaye tsakiya. Idan farce yana jin sa, aikin bai yi kyau ba. Fari-farin ƙura a jikin dalma alama ce ta tsufa, kuma ita ce ta fi saurin manne wa hannu.

Sai gwaji. Ga bututu mai santsi ka tsaya a mita biyar, wanda shi ne nisan gasar BB da ake yi da Daisy Avanti 499, bindigar da aka matse bututunta aka kuma yi mata nata harsashin da aka goge daidai. Ga bututu mai tsagi, mita goma. Ka ɗora bindigar a kan jakar yashi ko naɗaɗɗen bargo domin hannunka ya fita daga lissafi. Harbi goma a kowace takarda, ba uku ba. Uku sa'a tana iya haɗa su. Ka auna tazarar ramuka biyu da suka fi nisa da juna, daga tsakiya zuwa tsakiya, ka rubuta. Ka maimaita aƙalla sau biyu ga kowane iri. Kada ka damu da ko sun daki tsakiyar takarda, wannan aikin gyaran saiti ne daga baya. Abin da kake nema shi ne wanda ya fi taruwa.

Mai bindigar gas ta CO2 ya kula da abu guda: harbi da sauri yana sanyaya kwalbar, matsin gas ya ragu, harsashi ya riƙa sauka ƙasa. Ka bar daƙiƙa goma zuwa sha biyar tsakanin harbi, kuma kowane iri ka gwada shi da sabuwar kwalba, in ba haka ba na ƙarshe zai ɗauki laifin da ba nasa ba. Mai bindigar famfo ya riƙe adadin bugu ɗaya ga kowane harbi. Kuma ka sa rai dalma za ta sauka ƙasa da inda ƙarfe yake sauka, tunda ta fi nauyi kuma ta fi jinkiri. Wannan ba aibi ba ne.

Abubuwan da ba a sawa a bindiga

Harsashin da aka riga aka harba ba ya komawa ciki. Ko ya yi kama da sabo, ya ɗauki yashi ko ya ɗan lotse. 'Ya'yan boris na keke ko na inji su ma haka: masu kaurin milimita 3.97 sun yi ƙanƙanta, masu 4.76 sun yi girma, kuma ƙarfensu an ƙona shi ya yi tauri fiye da bututun kansa, ga dawowa da ta fi ta BB muni. Ƙwayar harsashin bindigar farauta ma ba a tace kaurinta yadda bindigar iska take buƙata ba.

Idan harsashi ya maƙale, kada ka sake harba wani a bayansa da niyyar ya turo shi. Ka cire gas ko ka saki iskar, ka tura shi da sandar katako ko ta tagulla, bakin bindigar yana kallon inda babu kowa.

Ajiya kuwa, BB na ƙarfe yana son wuri busasshe da murfi a rufe, da ɗan ƙunshin nan mai shan danshi a ciki. Kada ka bar shi a gidan harsashi na tsawon watanni. Dalma a bar ta a gwangwaninta, kada ta yi ta karo da juna a aljihu. Guba ce mai taruwa a jiki, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa: ba a riƙe ta a baki yayin ɗuri, ba a ci ko sha ana taɓa ta, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, sannan a kwashe abin da ya taru a matari a zuba a kwalba mai murfi a kai wa masu sake narkar da ƙarfe.